Tsohuwar Tarakta Da Mutanen Da Suka Hana Ta Mutuwa

 Na san yau kam wata za ta ga kan maganar nan ta ce, "To fa! Ina ruwan mace da tarakta?" Ki yi mini haƙuri 'yar'uwa, ki gyara zama, domin taraktar da zan ba ki tarihinta ba irin ƙatuwar nan ba ce da ake haya a tafi da ita gonar Alhaji. 'Yar ƙarama ce, ko Keke Napep ya fi ta girma, a ƙasar Amurka aka ƙera ta saboda lambun bayan gida. Waɗansunsu yau shekarunsu sun haura 60, kamfanonin da suka yi su wasu sun rushe, wasu an sayar da su, amma har gobe in aka murɗa makulli sai su tashi su kama aiki. Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne in nuna miki dalilin da ya hana su mutuwa, don kuwa dalilin ya shafi keken ɗinkin da ke ɗakinki da injin markaɗen da ke zaurenku.

ASALIN ABIN

A can da, manomin Amurka da doki da alfadari yake noma, kamar dai yadda namu suke yi da shanun huɗa. Da manyan taraktoci suka fito, masu manyan gonaki ne suka more su. Shi kuwa mai ɗan lambun kayan miya aka bar shi da garmar turawa da hannu, domin fegin nasa ya yi wa doki kaɗan, ya kuma yi wa fartanya yawa. Cikin irin waɗannan mutane akwai wani mai suna Benjamin Gravely a jihar Birjiniya ta Yamma, wanda sana'arsa ɗaukar hoto ce. Da tura garma ya ishe shi, sai ya samo injin wani babur ƙirar Indian ya ɗaura mata, ya zamana inji ne ke juya taya guda ɗaya, shi nasa kawai ya riƙe hannuwa biyu yana biye da ita a baya. A shekarar 1916 hukuma ta ba shi takardar shaidar cewa ƙirƙirarsa ce, a 1922 kuma aka kafa kamfani da sunansa a garin Dunbar. Kusan a wannan tsakanin, wato 1919, wani kamfani a garin Port Washington na jihar Wiskonsin, wanda aka fi sani da suna Bolens, shi ma ya fito da tasa. Ki riƙe wannan a ranki: tun ranar farko taraktar lambu 'yar haɗe-haɗe ce, an ciro nan an liƙa can, kuma wannan hali bai bar ta ba har yau.

Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya zo. Amurka ta shiga a ƙarshen 1941, maza suka tafi fagen fama, waɗansu kayan abinci suka koma sai da kati ake saye. Gwamnati ta yi kira kowa ya yi shuka a bayan gidansa, ta raɗa wa abin suna "lambun nasara". Kafin yaƙi ya ƙare an sami irin waɗannan lambuna kimanin miliyan 20, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na ɗanyen kayan lambun da ƙasar ta ci a lokacin daga cikinsu ya fito. Mata da yara da tsofaffi ne suka ɗauki kaso mai yawa na aikin. A Ingila ma har runduna guda aka kafa ta mata manoma, wadda a 1943 yawansu ya haura 80,000, suna tatsar shanu, suna girbi, suna tuƙa taraktoci. Saboda haka duk wanda ya ce da ke mace ba ta da haɗi da inji, ki ce masa ya je ya binciki tarihi.

BAYAN YAƘI

Da aka gama yaƙi a 1945, sojoji suka dawo gida suka yi aure, cikin birane ya yi wa mutane kaɗan, sai aka shiga gina sababbin unguwanni a bayan gari. Unguwa ɗaya kawai mai suna Levittown, kusa da birnin Niyok, an gina mata gidaje sama da 17,000 tsakanin 1947 da 1951. Su can ba sa zagaye gida da katanga su share tsakar gida ƙal irin namu, ciyawa suke shukawa a ƙofar gida don ado, kuma a Levittown har sharaɗi aka gindaya cewa kowa sai ya aske tasa sau ɗaya a mako in lokacinta ya yi. To wanda ya matsa can gaba ya sayi fili mai eka ɗaya ko biyu, ga ciyawa, ga lambu, ga kuma dusar ƙanƙara da ke toshe hanyar gida da hunturu, dole ya nemi abin da zai taimake shi.

Wani bawan Allah mai suna Elmer Pond a garin South Bend na jihar Indiyana ya hango wannan buƙata. A 1946 ya fara harhaɗa 'yan taraktoci a cikin garejin gidansa mai cin mota biyu, ɗansa Cecil yana taya shi, da ragowar kayan babura da na motoci. A 1947 suka fitar da mai taya huɗu wadda ake hawa a zauna. Wannan ɗan aikin gareji shi ne ya zama kamfanin Wheel Horse, mai jajayen taraktoci da kan doki a matsayin tambari.

Da manyan kamfanoni suka ga kasuwa ta buɗe, su ma suka antayo. Kamfanin International Harvester ya fito da Cub Cadet a 1961, mai launin ruwan ɗorawa da fari, daga masana'antarsa ta Louisville a jihar Kentaki. Dabarar da suka yi ita ce, maimakon su zauna ƙirƙiro sabon akwatin giya, sai suka ɗauko na wata taraktar gona da suke da ita mai suna Farmall Cub suka sa mata. Wato ke nan an ba yarinya ƙashin bayan babba, shi ya sa da wuya ki ji an ce giyarta ta karye. A 1963 kamfanin John Deere ya biyo baya da tasa mai lamba 110, a garin Horicon na Wiskonsin, guda 1,000 kacal aka yi a shekarar farko.

Akwai wani abin dariya da ya faru da John Deere. Kowa ya san launinsu kore ne da ruwan ɗorawa. A 1969 sai suka ce bari su yi wa mutanen sababbin unguwanni kwalliya, suka fitar da fararen taraktoci masu murfin inji da kujera kala-kala, akwai ja, akwai ruwan lemo, akwai rawaya, akwai shuɗi. Masu saye suka ce sam, su koren da suka sani suke so. Kaya suka yi kwantai, zuwa 1971 aka daina yi. Yau kuwa waɗannan da aka ƙi su ne masu tara tsofaffin taraktoci suke nema ido rufe. Kin ga ashe ba atamfa kaɗai ce ke tsufa ta dawo yayi ba.

YADDA AKA ƘERA SU

Yanzu bari mu buɗe murfi mu leƙa, don a nan rabin sirrin yake. Da yawa daga cikin waɗannan taraktoci injin kamfanin Kohler suke ɗauke da shi, mai fistan guda ɗaya. Na farkon Cub Cadet da na farkon John Deere 110 duk ƙarfinsu na doki 7 ne, wato bai fi injin ban-ruwan da masu noman rani suke sawa a bakin fadama da wani abin kirki ba. Amma gangar jikin injin da baƙin ƙarfe na zubi aka yi ta, mai kauri. In ya tsufa ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi, ba jefar da shi ake yi ba. Sai a kai shi wurin masu injin sassaƙa ƙarfe su ɗan faɗaɗa ramin fistan, a sa sabon fistan mai ɗan girma da sababbin ringi, ya dawo kamar jiya aka saye shi. Kamfani da kansa ya tanadi irin waɗannan fistan mataki uku, kin ga ke nan tun a masana'anta an yi niyyar inji ya tsufa a sabunta shi.

Haka sauran jikin. Da noti da kusa aka ɗaure komai, ba a liƙe shi da gam ba, sifana kaɗan da sukudireba sun isa a warware ta tsaf. Ba ruwa a injin, iska ce ke sanyaya shi. Wayoyin wuta ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Nauyinta ya haura kilo 200, shi ya sa take iya jan garma ta huɗa ƙasa, ta ja amalanke, ta ture ƙanƙara. Sannan kowace akwai littafinta mai zanen kowane ƙarfe da lambarsa, ga kuma wani ɗan faifan ƙarfe a jikinta mai lambar da za a duba a gane shekarar da aka yi ta.

Kulawar da take buƙata ma ba ta da wuya, sai dai tana son naci. Ana juye baƙin mai bayan kamar awa 25 na aiki. Ana wanke matatar iska, a goge fulogi, a matsa giris a gaɓoɓi. Ana cire murfi a share busasshiyar ciyawa daga jikin injin, domin da hunturu ɓeraye kan shiga su yi sheƙa a ciki, in ba a lura ba iska ta toshe inji ya ƙone. Fetur ɗin da ake sayarwa a Amurka yanzu akasarinsa akwai kashi 10 cikin 100 na wani sinadari da ake tatsowa daga masara, shi kuwa yana jan laima yana kuma cin tsofaffin robobi, don haka mai hankali yakan tsiyaye tanki da kafireta kafin ya ajiye ta na watanni. Duk wannan ba wanda ya fi ƙarfin yarinya 'yar shekara 12 in an nuna mata.

DA KAMFANONI SUKA TAFI

Duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya. Ma'aikatan International Harvester suka shiga yajin aiki daga Nuwamban 1979 zuwa Afrilun 1980, kwana 172. Ga tsadar bashin banki, ga manoma sun shiga matsi ba sa sayen kaya. A 1981 kamfanin ya sayar da Cub Cadet ga wani kamfani mai suna MTD, zuwa 1985 kuma ya rabu da sashen kayan nomansa ɗungurungum. Wheel Horse ta yi ta sauya hannu har ta faɗa hannun kamfanin Toro a 1986, a 2007 aka daina ƙera ta. A wannan tsakanin kasuwa ta koma ga injinan aske ciyawa marasa nauyi, masu araha, na siririn ƙarfe da roba, waɗanda in sun lalace kuɗin gyara kan kusa kai na sabo.

Bisa ga al'ada a nan ya kamata labari ya ƙare, tsofaffin su koma hannun 'yan gwangwan. To amma sai aka sami mutanen da suka ƙi. Wani taraktar mahaifinsa ce, a kanta aka fara ɗora shi yana ɗan shekara biyar. Wata ta kakanta ce, ta tarar da ita a rumbu ƙura ta rufe ta. Wani kuwa lissafi kawai ya yi, ya ga tsohuwar da ya saya da kuɗi kaɗan ta binne sababbi biyu na maƙwabcinsa. Matsalar da suka fara cin karo da ita ita ce kayan gyara, dila ya ce an daina yi. Mutum ɗaya ba zai iya maganin wannan ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai suka shiga neman juna, suka kafa ƙungiyoyi, masu ja daban, masu kore daban, masu ruwan ɗorawa daban. Wanda ke da tsohon littafin inji ya buga kwafi ya raba. Wanda ke da matattu uku a bayan gida ya zama shi ne shagon safaya na kowa. Wanda ya iya walda ya ƙera ƙarfen da ya ɓace. Da masu ƙananan masana'antu suka ga akwai masu saye, sai suka koma yin sababbin kayan tsofaffin taraktoci, tun daga bel da kujera har zuwa takardun sunan da ake liƙawa a jiki. Ga sauran rabin sirrin nan 'yar'uwa. Ƙarfe mai kyau shi kaɗai tsatsa ce ke cinye shi, jama'ar da ta taru a kansa ce ta riƙe shi.

GAYYA DA BAJE KOLI DA GASA

Abin bai tsaya ga gyara ba, ya zama zumunci. A garin Portland na jihar Indiyana, duk watan Agusta akan yi wani babban taro na tsofaffin injuna da taraktoci, wanda tun shekarun 1960 ake yin sa. Iyalai kan zo da tantuna su kwana a fili, a baje tsofaffin ƙarafa a ƙasa ana ciniki da musaya. In kin taɓa ratsa Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, to kin ga irin kamannin wurin. Masu son kayan International Harvester su ma suna da nasu taron shekara-shekara tun 1990, wanda ke zagayawa daga wannan jiha zuwa waccan.

Wanda ya fi burge ni shi ne abin da suke kira ranar huɗa. Wani manomi zai ba da gonarsa, masu 'yan taraktoci su ɗauro su a bayan mota daga garuruwa daban-daban, su jeru ɗaya bayan ɗaya kowa da 'yar garmarsa, su huɗe gonar tas, a ci abinci tare, a watse. In wata ta mace a tsakiyar kunya, kafin mai ita ya sauko mutum biyar sun kewaye shi da sifana. Wannan ai gayya ce sak, bambancin kawai su ba kalangu.

Akwai kuma gasar ja. Ana ɗaura wa tarakta wata doguwar amalanke mai ɗauke da nauyi, wadda aka yi mata dabara yadda duk taku ɗaya nauyin yana matsowa gaba yana danna ƙasa, har ya kai inda tarakta za ta kasa. Wadda ta fi nisa ita ta ci. A nan Cub Cadet ta yi suna saboda giyar nan da na gaya miki. Maza na shiga, mata na shiga, yara ma akwai ajinsu. A Ingila kuwa tsere suka ƙirƙiro. A 1973 wani mai suna Jim Gavin da abokansa a ƙauyen Wisborough Green suka ga tseren mota ya zama na masu kuɗi, suka ce to ai kowa yana da injin aske ciyawa a gida. Suka kafa ƙungiya, suka sa doka cewa sai an cire wuƙaƙen, kuma ba kyautar kuɗi. Har tseren awa 12 suke yi, a kwana ana zagaye fili. A 1992 Amurkawa su ma suka kafa tasu ƙungiyar.

'YAN ASALI DA 'YAN KWASKWARIMA

Inda duk mutane suka taru sai an sami saɓani, nan ma akwai shi. Kashi na farko su ne 'yan asali. Su a wurinsu sai an mayar da tarakta yadda ta fito daga masana'anta, fenti irin na shekarar, noti irin na shekarar, in ka sa kujerar 1968 a kan ta 1964 to ka yi abin kunya. Kashi na biyu sun ce a wanke ta kawai a shafa mata mai a bar ta da koɗaɗɗen fentinta, domin kowane tabo akwai labarinsa, kamar dai yadda wata ba ta yarda a taɓa tsofaffin kwanonin jeren kakarta.

Kashi na uku su ne 'yan kwaskwarima, waɗanda suka ce don aiki aka yi ta, duk abin da zai ƙara mata amfani a sa. Su ne ke cika tayoyin baya da ruwa na musamman ko su ɗaura musu ƙarafa don su kama ƙasa. Su ne ke ƙera mata cokalin ɗiban yashi a gaba, su sauya mata fitilu, su cire kwantak su sa na'urar wuta ta zamani. In inji ya mutu murus, sai su sauke shi su ɗora sabo. Kin san wane iri? Sau da yawa irin wanda kamfanin Honda ya fito da shi a 1983, ko kuma kwaikwayonsa da ake yi a ƙasar Sin, wato dangin injin nan dai da ke markaɗa miki tattasai da wake a bakin layi. Har ma akwai masu riƙon wata tarakta mai aiki da batir guda shida wadda kamfanin General Electric ya sayar a farkon shekarun 1970, suna sauya mata batura na zamani tana ci gaba da aiki.

Ni dai ra'ayina ya fi karkata ga 'yan kwaskwarima, musamman a kan abu ɗaya. Tsofaffin nan ba duka ne alheri ba. Sun fi sababbi shan mai, sun fi su hayaƙi da ƙara, sannan na farko-farkon ba su da makashin nan na ƙarƙashin kujera da ke kashe inji da zarar mutum ya tashi. Wuƙar da ke aske ciyawa ba ta san ƙafar yaro ba. Wanda ya ƙara wa tsohuwar taraktarsa wannan makashi ya ɓata asali, amma ya tsare iyalinsa, kuma ban ga fentin da ya kai yatsan yaro daraja ba.

WA KE DA IKON GYARA?

Wata za ta ce duk wannan ai wasan masu hutu ne. To ki saurari abin da ya biyo baya a manyan gonaki. Manyan taraktocin zamani kwamfuta ce ke sarrafa su. In wani abu ya lalace, ko da manomi ya gane shi ya kuma sauya ƙarfen da hannunsa, sau da yawa inji ba zai koma aiki sosai ba sai ma'aikacin dila ya zo da tasa kwamfutar ya buɗe manhajar. Ki ƙiyasta ana tsakiyar girbi, hadari ya haɗo, mutum na zaune yana jiran wanda zai zo daga wani gari mai nisa. Kamfanoni suka ce sun yi haka ne don tsaron lafiya da kiyaye dokar hayaƙi da kare fasaharsu. Manoma suka ce abin da mutum ya saya da kuɗinsa amma ba shi da ikon buɗe shi, anya nasa ne kuwa? Wasu har suka koma neman taraktocin shekarun 1970 da 1980 a wurin gwanjo, farashinsu ya tashi.

Magana ta kai ga hukuma. A Janairun 2023 John Deere ya sa hannu a wata yarjejeniya da babbar ƙungiyar manoman Amurka cewa zai ba su damar samun kayan bincike da littattafan gyara. A Afrilun wannan shekarar jihar Kolarado ta zama ta farko da ta yi dokar ba manoma ikon gyara injinan gonarsu, ta fara aiki a Janairun 2024. A Janairun 2025 kuma hukumar kula da ciniki ta gwamnatin tarayyar Amurka ta kai kamfanin ƙara kotu a kan wannan batu. Kin ga abin da masu 'yan tsofaffin taraktoci suke yi a garejinsu ran Asabar don nishaɗi, shi ne manyan manoma suka koma nema a majalisa da kotu.

MU DAWO GIDA

Mu ma nan mun ga taraktoci. A zamanin shirin ciyar da ƙasa na 1976 da shirin bunƙasa noma na Shugaba Shehu Shagari a 1980 an shigo da su da yawa, har harhaɗa ƙirar Steyr aka yi a Bauchi. Duk wadda ke tafiye-tafiye ta sha ganin irinsu a harabar ma'aikatu, an ɗora su a kan duwatsu, ciyawa ta fito ta cikin sitiyari. Ƙarfensu bai fi na Amurka rauni ba. Abin da suka rasa shi ne mai cewa "tawa ce", da kuma jama'ar da za ta taru a kansu. Alhali a gari guda za ki ga tsohuwar Fijo 504 tana ɗaukar fasinja, don ita tana da mai ita, tana da makanikai, tana da kasuwar safaya. Hannun gyara kam Allah Ya ba mutanenmu, ba mai musun wannan.

Inda nake ganin giɓi shi ne a cikin gida, wurinmu mata. Ni na tashi na tarar da baƙin keken ɗinki mai zanen ruwan zinare a ɗakin mahaifiyata, da shi aka ɗinka mana kayan sallah har muka girma. Ita ke ɗiga masa mai da kanta, ita ke cire koshiya ta share zaren da ya taru, ita ke ɗaure bel in ya saki, ba a kiran mai gyara sai abin ya yi tsanani. Yau kuwa nawa ne daga cikinmu suka san inda ake duba baƙin mai a janaretan gidansu? Keke ya fara tsallake ɗinki, sai a tura shi ƙarƙashin gado a jira maigida, maigida ya manta, shekara ta zagayo ya yi tsatsa, a ba 'yan gwangwan a karɓi robar wanki. Alhali wannan keken, da injin markaɗe, da firjin ƙanƙara, su ne jarin mace, da su take zubin adashi, da su take rufa wa kanta asiri ran da hannun maigida ya yi ƙasa.

Don haka ga 'yar shawarata. In an sayo inji, ki adana littafinsa inda kike adana takardun haihuwar yara. Ki sami ɗan littafin rubutu ki riƙa sa ranar da aka juye mai da abin da aka sauya da kuɗinsa. Ran da mai gyara ya zo, da izinin maigida ki tsaya daga gefe ki kalla, ki yi tambaya, in kuwa ba hali ki sa ɗanki ko 'yarki su tsaya su zo su gaya miki. Kada ki bar fetur ya kwana watanni a tankin injin da ba a aiki da shi. Sannan ku da kuke haɗuwa a Islamiyya ko wurin adashi, ku san wace ce a cikinku ta iya gyaran keke, wace ce ke da mataccen inji irin naki da za a ciri ƙarfe, ku haɗa kuɗi ku sayi sifana da sukudireba da 'yar gorar mai su zama na kowa. Wadda ta iya ta koya wa biyu, kuma a fara da 'yan mata tun kafin a kai su ɗakin miji.

Allah Ya sa albarka a cikin abin da muka mallaka, Ya ba mu ikon tattalinsa, Ya kuma haɗa kanmu a kan alheri, amin.